Ba a Komawa a Bikon Farko

Dakon gyaɗa wahala ce, ba ta da wani suna. Na yi shi tun ina da ƙarfina har wuyana ya sandare, yanzu in aka kira ni ta baya sai na juyo da jikina duka. Abin da na tsira da shi ciwon baya ne da sanƙo a tsakar ka, inda gammo ya cinye gashin. Ina jin masu cewa Turawa sun iya tsari. Sun iya mana. Buhu yana da wurinsa, sikeli yana da rumfarsa, kyanwar da ke kama ɓera a sito ma an san da kwanonta. Ɗan dako ne kawai aka gama tsarin ba a tuna da shi ba.

A Haɗeja nake aikin, a siton wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da fata. Ba sai na faɗi sunansa ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In kaka ta yi, gyaɗa ta ko'ina take shigowa, jakai da takarkarai daga wajen Kaugama, kwale-kwale daga wajen Guri matuƙar ruwa bai gama janyewa daga fadama ba. Mu za mu kwaso daga bakin kogi mu kai sikeli, mu ɗauke daga sikeli mu jera a sito, in motar kamfani ta zo mu sake fito da ita mu loda, a kai tashar jirgin ƙasa. Buhu ɗaya sai ya hau kanka ya sauka, ya sake hawa, kamar ya ga wurin zama.

Ni ba gona gare ni ba. Wadda ubana ya bari a bakin fadama take, wata shekara kogi ya sauya hanya ya kwanta a kanta, bai ƙara tashi ba. Saboda haka dakon nan shi ne gonata, shi ne rumbuna. Ina cikin leburorin dindindin, waɗanda ba a sallama ko gyaɗa ta ƙare, sai a mai da mu kan fata da gishiri har wata kakar. Gurbin nan ba wani abin alfahari ba ne, amma da shi nake sanin gobe za a ɗora tukunya a gidana, rani da damina. In ka cire shi ba ni da komai sai mace da 'ya'ya masu buɗe baki.

Shekarun bayan babban yaƙin Turawa ne. Yaƙi ya ƙare, tsada ba ta ƙare ba. Gishiri, kananzir, yadin akoko, komai ya haura, ladan lebura yana nan inda aka kafe shi kamar turken jaki. In manomi ya yi ƙorafin farashin gyaɗa, akawu ya ce ba shi ya yanka ba, daga Ikko, can kudu inda babban gwamna yake, aka yanko. In mu muka yi ƙorafin lada, nan ma Ikko. Har ya taɓa tsayawa ya yi mana bayani yana kaɗa alƙalami, wai ana cire wani abu daga kuɗin gyaɗa ana ajiye wa talakawa saboda ranar da kasuwa za ta faɗi. Wato an duba an ga ba mu da hankalin riƙe abinmu, aka taimaka aka riƙe mana. Har yau ban ga wanda aka kira ya zo ya karɓi ajiyarsa ba.

Amma ba lada ne ya tayar da mu ba, wannan mun saba. Katako ne. Akwai wani dogon katako da ake jinginawa a bayan mota, shi muke takawa da buhu a ka mu hau. Ya tsufa, gara ta ci cikinsa, ya tsage a tsakiya an ɗaure da waya. Mun gaya wa helma, wato shugabanmu na leburori, ya ce ya gaya wa akawu, akawu ya ce ya gaya wa manaja. Manaja Bature ne mai jan wuya, yini yake a baranda yana fifita da hularsa, ban taɓa jin ya kira ɗayanmu da suna ba. Ran nan katakon ya karye da wani abokin aikinmu, mutumin Guri, mai ƙananan 'ya'ya. Ya faɗo, buhu ya biyo shi ya sauka a kan ƙugunsa. Bature ya miƙe ya leƙo, ya tambaya ko buhun ya fashe. Aka ce bai fashe ba. Ya koma ya zauna. Mu muka ɗauki mutumin a kan asabari muka kai wa mai ɗori. Kafin ɗorin ya kama an ba wani gurbinsa, katakon kuwa aka haɗa shi da ƙusa aka ƙara waya aka mayar.

Ana cikin haka sai ga mutumin ƙungiyar ƙwadago daga Kano. An ce da akawu ne a wajen jirgin ƙasa. Saurayi ne mai farin tabarau, da kwat a cikin zafin nan, da takalmi sau-ciki. Da muka yi musabaha na ji hannunsa kamar na amaryar da aka cire wa lalle. Ya tara mu ranar Juma'a bayan la'asar a gindin tsamiya bayan kasuwa, ya hau kan wani turmi da aka kifa. Baki kam Allah ya ba shi. Ya ce mana 'yan'uwa ma'aikata, ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya ce gyaɗar da ake ci a Ingila a wuyanmu ta fara tafiya. Ya ce abin da za mu nema ba shi da yawa: a sa sabon katako, a bar mu mu yi sallar azahar ba ana kaɗa mana sanda ba, wanda kuma ya ji rauni a bakin aiki kada a jefar da shi kamar tsumma. Duk gaskiya ne, ban taɓa cewa ƙarya ya yi ba.

Babbanmu a shekaru wani tsoho ne da kowa ke kira Baba, ya fi kowa daɗewa a dako. Shi ya tambaya.

"To Malam, in mun faɗa sun ƙi fa?"

"Sai ku yi yaji."

Can wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama.

"Yaji, Malam?" in ji Baba. "Ni da gemuna? In yafa gyale ko in tafi haka?"

"Yajin aiki, Baba. Haka ake kiransa yanzu. Ba kun san yadda mace take yi ba in miji ya ƙuntata mata? Ba ta dafa tuwo ba, ba ta ɗebo ruwa ba, murhu ya yi sanyi. Ku gaya mini, zai daɗe bai je biko ba?"

"Ina fa. Yunwa za ta kai shi."

"To ku ne matar, kamfani ne mijin."

Baba ya daina dariya, ya ɗan matso. "Kamar yajin da muka sani ɗin dai?"

"Sak," in ji shi.

Wannan sak ɗin ita ta kashe mu. Ya ce mu fara kashegarin kasuwa, ranar da gyaɗa ta fi taruwa, shi zai koma Kano ya taho da babban jami'in gwamnati mai duba sha'anin ma'aikata. Ya sauka daga turmi, ya kakkaɓe wandonsa, ya tafi neman mota. Daga baya muka ji cewa a can inda ya fito, masu yajin aiki kullum sammako suke yi su zo su zauna a ƙofar wurin aikin, su tare ta, kada a shigo da wasu. Shi a kansa kowa ya san wannan, har jinjiri. Mu kuwa ba mu taɓa ganin yajin aiki ba. Yajin da muka sani shi muka sani, kuma mun san shi sosai.

Ba wanda ya kai Baba saninsa. Ya yi aure-aure, kuma ba matar da ta zauna da shi ba ta yi masa yaji ba. Yakan ce ba ƙauyen da ke tsakanin Haɗeja da Guri da bai taka da ƙunshin goro ba. Saboda haka shi ya zama malaminmu. Ya ce mai yaji ba ta sulalewa kamar ɓarauniya, da safe take fita lokacin da miji ke jiran koko, kowa ya gani. Ba ta kwashe kayan ɗakinta, don wadda ta kwashe kaya ba yaji ta yi ba, aure ta kashe. To mu bar ƙugiyoyinmu na jan buhu da gammayenmu a rataye a rumfa, su zama shaida muna nan dawowa. Kuma ba ta giftawa ta ƙofar gidan, ba ta leƙe. In miji ya hango ƙeyarta a unguwa ya san hankalinta yana wurinsa, shi ke nan ta zubar da darajarta. Wanda duk aka gani kusa da sito, in ji Baba, ba namu ba ne.

Haka muka yi. Ranar muka zo da safe kamar kullum, muka bari kwale-kwale suka tsaya, jakai suka cika fili, aka buɗe sikeli. Baba ya je ya faɗa wa akawu buƙatunmu a tsaye. Akawu ya ce mu ɓace masa da gani. Sai muka rataye kayan aiki a rumfa, muka juya a jere muka fita, helma yana bin mu yana ihu. Mutanen ƙauye daga cikinmu kowa ya kama hanyar garinsu, wasu a kwale-kwalen da ya kawo gyaɗar ma suka koma, don ai mai yaji nisa take yi. Mu 'yan cikin gari kowa ya shige gidansa. Ba zan ɓoye ba, tafiyar nan ta yi mini daɗi. Rabona da in taka titin kasuwa da hantsi ba kaya a kaina har na manta.

Na iske matata tana surfe. Ta ɗago ta dube ni.

"Lafiya, Malam? Ko wani ya sake faɗowa?"

"Lafiya lau. Yaji muke."

Ta tsaya da taɓarya a sama. "Kuke me?"

"Yaji. Mun yi wa kamfani yaji."

Sai da ta jingine taɓaryar ta zauna a bakin turmi don dariya. Na ƙyale ta ta gama. Da ta share hawaye ta ce, "To gidan wa kuka tafi?"

"Ga ni kuwa kina gani."

"Nan ai gidanka ne. Mai yaji gidan ubanta take zuwa, inda za a ci da ita ba a tambaye ta kuɗin cefane ba. Kai ka yi yaji ka dawo inda kai ne mai cefanen. Sannan mijin yana zuwa biko ne don yana jin kunyar mai gidan. Baturen naku wa yake jin kunya a nan? Ni?"

Na ce ta ji da surfenta, wannan maganar maza ce. Ta ce to, Allah ya kawo ango lafiya.

Zauren Baba ya zama wurin zamanmu, mu da muka rage a gari. Nan muke yini muna dara, labari yana iske mu. Mai tallan fura ta ce gyaɗa ta yi tsibi a bakin kogi, ƙasan ya fara jiƙa. Wani ya ce motar kamfani ta zo ta koma wayam. Aka ce an ga akawu ya gwada ɗaga buhu da kansa ya zauna daɓas. Muka yi ta shewa kamar mun ci yaƙi.

Ba a daɗe ba sai ga helma da hantsi, da ƙunshin goro a hannu. Helma namu ne da, tare muka fara dako. Ranar da aka ba shi sanda da tsohuwar kwat ɗin akawu ya manta nauyin buhu. Gaban Bature har ƙasa, gabanmu kuwa sai ka ce shi ya haifi kamfanin. Ya tsaya a bakin zaure.

"Salamu alaikum, amare."

"Alaikumus salam," in ji Baba. "Shigo, ɗan aike. Ina angon?"

"Yana baranda, ya kusa cinye hularsa." Ya tsuguna ya kwance goron a tsakiyar tabarma. "Masu jakai sun cika ƙofa suna zagin kowa. Ya ce ku dawo. Za a sa sabon katako, an riga an aika wa kafinta. Azahar kuma ku yi sallarku a tsanake."

"Mutumin da ya karye fa?"

"Ya ce za a duba."

"Za a duba."

"Baba, ka san Bature. In ya ce za a duba, rabin e ce. Tunda nake da shi ban taɓa jin ko wannan daga bakinsa ba. Ku tashi mu tafi tun yana cikin ruɗu."

Na ji ƙafafuna suna son miƙewa. Na ga wasu ma sun fara laluben takalma. Baba ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya har kowa ya koma ya zauna. Sannan ya ɗauki goro ya ɓare, ya ba na kusa da shi rabi.

"Mun ji, Helma. Ka gai da maigida. Ka ce muna hutawa."

"Ban gane ba."

"Kai ma ka yi aure. Yaushe aka taɓa komawa a bikon farko? Wadda ta bi ɗan aiken farko, gobe da takalmi za a kore ta. Ya zo da kansa, ko ya turo akawu da dattijan gari, a zauna a yi maganar mutumin da ya karye a gaban shaidu."

Helma ya dube shi. "Baba, Bature bai san biko na biyu ba."

"Zai koya."

"To. Goron dai kun ci." Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya fita.

Ba wanda ya musa wa Baba. Kowa a zauren nan ya taɓa zuwa biko, an kuma taɓa koro shi a zuwan farko. Uban yarinya ya ce je ka dawo, ba ta huce ba. Ka dawo da dattijo da turmin zane, a zazzage ka, ka ba da haƙuri, sannan a sako maka ita. Haka duniya take a iya saninmu, kuma mai tabarau ya ce sak. Har muka fara gardamar abin da za mu ƙara nema in akawu ya zo, wani ya ce a sa mana randar ruwan sha a rumfa.

Muka zauna jiran biko na biyu. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Duk sallamar da aka yi a ƙofar zaure sai mu gyara zama, sai mu ga mai tallan goro ne ko maƙwabci. Dara ta fita daga ran kowa. A gida tuwo ya koma kunu, kunun ma har ana ganin ƙasan kwano ta cikinsa. Matata ta shiga yi wa maƙwabta daka ana ba ta dusa da ɗan tsaki. Ta daina tambayata labarin ango, wannan kuma ya fi tsokanar ciwo.

Mai furar nan ce ta sake kawo labari. Ta ce ita fa ta ga ana loda mota. Baba ya ce ƙarya take, wa zai loda, aljanu? Ni dai da na fita ban nufi gida ba. Na karya dokar Baba, na zaga ta bakin kogi, na shiga cikin masu jakai na tsaya ina kallo daga nesa.

Ana aiki kamar ba a taɓa yin mu ba. Shekarar ruwa bai yi ba a arewa, can ƙasar da Faransa ke mulka, 'yan cin rani sun sauko da wuri, Mangawa da wasunsu, sun cika zangon bakin kasuwa suna neman ko na koko. Helma bai sha wata wahala ba, daga zauren Baba zango ya wuce ya kwaso su. Ba su da kayan aiki, amma ba komai, sun tarar da ƙugiyoyi da gammaye a rataye a rumfa, an jera musu. Na hango gammona a kan wani dogo ramamme, na gane shi don da tsohon zanen matata na naɗa shi. Bai iya ɗauka ba ma, buhun yana rinjayarsa gefe. Ga kuma sabon katako a bayan mota, fari tas, mai kauri, ko motsi ba ya yi. Kafinta ya cika aiki. Mu muka yi yajin, su suka taka katakon.

Ban ji haushin dogon nan ba. Wanda ya baro garinsu da yunwa ba ya tambayar gammon wa ya samu. Kuma ko mutum ɗaya daga cikinmu da ya tarar a ƙofar ya ce masa ɗan'uwa dakata, ga abin da ake ciki, wataƙila da ya dakata. Bai tarar da kowa ba. Muna can muna tsare darajarmu.

Sai bayan wannan mutumin ƙungiya ya dawo, shi kaɗai. Babban jami'in wai ya fita rangadi. Daga mota ƙofar sito ya nufa yana zaton zai same mu a zaune, ya tarar ana ta lodi. Ya aiko a tara mu a gindin tsamiya. Rabinmu suna ƙauyuka, ba mai kiran su. Wannan karon bai hau turmi ba, kuma ba 'yan'uwa ma'aikata.

"Wa ya ce ku bar ƙofar sito? Wa ya ce ku watse?"

"Kai ka ce mu yi yaji," in ji Baba.

"Yajin aiki na ce. Ku zauna a ƙofa, ku hana kowa shiga."

"A ƙofa? Malam, ka taɓa ganin mai yaji ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan miji? Wannan ai ba yaji ba ne, rashin kunya ne."

"An ce kuma har aiko muku aka yi, an yarda da katako, an yarda da salla, kuka ƙi."

"Bikon farko ne."

Ya cire tabarau ya dafe goshi. Ya yi wata magana da Turanci, sannan ya fassara mana da kansa don kada mu yi asara. Ya ce bai taɓa ganin jahilai irinmu ba, an ba mu nasara a hannu mun zubar, irinmu ne ke sa a raina 'yan ƙasa.

Ban cika magana a taro ba, amma ranar na yi. Na ce, "Malam, tsohon nan ya tambaye ka a nan wurin, kamar yajin da muka sani? Me ka ce masa?"

"Misali ne na ba ku."

"Sak ka ce. Da ka ƙara mana kalma biyu kafin ka gudu neman mota, da yanzu muna bakin aikinmu. Ka san jahilai ne mu, amma ka bar mu da misali."

Ya mai da tabarau, ya ce yanzu ba lokacin zargin juna ba ne. Mu daure, kada kowa ya koma, zai kai maganar har Ikko. Wani ya ce kafin Ikko ta amsa me za mu ci? Ya ce gwagwarmaya sai da sadaukarwa, ma'aikatan duniya duka suna tare da mu. Na duba gindin tsamiyar nan ban ga ma'aikatan duniya ba, sai mu da awakin kasuwa. Abincin rana a gidan akawu ya ci, ashe tare suka yi makaranta. Da yamma ya shiga gaban motar kamfani, wadda 'yan cin rani suka loda, ya ɗago mana hannu. Ban ƙara ganinsa ba. An ce daga baya ya shiga siyasa, kuma na yarda, ya dace da ita.

Mutumin Guri da ya karye, a makon nan 'yan'uwansa suka zo suka sa shi a kwale-kwale suka tafi da shi. Ba wanda ya duba komai.

Ranar da mai tabarau ya tafi, ina fitowa daga sallar la'asar helma ya tare ni a bakin masallaci. Ya ja ni gefe kamar mai shirin yi mini alheri.

"Kai na sani ba ka da gona, shi ya sa nake gaya maka. Gurbin dindindin an soke shi, na kowa da kowa. Bature ya gano abin da bai sani ba, ashe in ya buɗe ƙofa da safe mutane sun fi buhu yawa. Yanzu kullum layi za a yi, in zaɓi na ranar. Gyaɗa ta ƙare, kowa ya kama gabansa."

"Da rani fa? Fata da gishiri?"

"In akwai mota a kira, in babu babu."

"Wato ku kuka koyi wani abu a yajin nan."

"Ni dai na kawo muku goro," in ji shi. "In za ka zo ka zo da wuri. Ba zan ce na san ka ba, amma ba zan tsallake ka ba."

Na biya zauren Baba na faɗa masa. Yana zaune shi kaɗai, ramukan dara sun cike da ƙasa. Ya ce shi kam ba za a gan shi a layi ba. Matar da ta dawo da ƙafarta ba biko, ko kaza ta fi ta daraja a gidan. Zai tafi wurin 'yarsa a Kaugama, mijinta yana da gona, ba za a hana shi tuwo ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Shi yana da gidan zuwa.

Na isa gida kafin magariba. Matata ta juye tukunyar hatsi a faifai tana bubbuga gindinta, abin da ya fito bai rufe tsakiyar faifan ba. Yara suna zaune sun zuba mata ido. Ta dube ni, na dube ta. Na jira ta yi tsokanarta in samu abin yin faɗa, ba ta yi ba. Ta tashi ta hura wuta.

Washegari da na idar da sallar asuba ban koma ɗaki ba. Na bi ta bayan kasuwa don kada in wuce ƙofar Baba, na isa sito rana ba ta fito ba, na tarar layi ya riga ya yi tsawo. Na tsaya a bayan wani Bamange. Da aka buɗe ƙofa helma ya biyo layin yana nuna mutane da sanda, ya zo kaina ya nuna ni bai dubi fuskata ba. Na shiga, na gangara bakin kogi, na sunkuya aka ɗora mini buhu.